Labbo Mai Waya da Tagar Ɗakin Takaba

Da an sallame sallar asuba a Furfuri, Malam Labbo ba ya komawa shimfiɗa. Zai leƙa awakinsa, ya sha kunu a tsaye, ya ɗaure tsohuwar jakar fata a bayan babur, ya kamo hanyar Gusau. Kayan cikin jakar ba su da yawa: filaya, abin datse bakin waya, ƙananan ƙusoshi a gwangwanin madara, da naɗin igiyar waya mai launin toka. Kafin bakwai da rabi yana rumfarsa ta bayan kasuwa, ya share, ya yayyafa ruwa, ya zauna yana jiran wanda intanet ɗin gidansa ya yi wa gardama. Mas'udu mai shayi, maƙwabcinsa, ya ce bai taɓa buƙatar agogo ba, ƙarar babur ɗin Labbo ce ke gaya masa lokacin fara fasa ƙwai ya yi.

Watan jiya Labbo ya rufe rumfar. Ba a yi taro ba, ba a raba kalanda mai hotonsa ba. Na bi ta wurin ranar Laraba na tarar wani yana sayar da rigunan waya, na tsaya kamar mai neman abin saye, alhali ba abin da nake nema.

Ni tsohuwar malamar lissafi ce, kuma waɗanda na koyar za su shaida ba ni da saurin ba da maki. Na sha jin ana cewa mai gyara ba ya gyara gaba ɗaya, sai ya bar ƙofar da za a sake kiransa. Na kuma sha jin cewa wannan harkar ta na'ura ta yara ce, tsoho ba ya gane ta. Duka biyun na gwada su a kan mutum ɗaya, kusan shekara talatin, ba su fito daidai ba.

Na fara saninsa a 1998. Jiharmu tana jaririya, ma'aikata sun kwararo daga Sakkwato da iyalansu, kowa yana neman a ja masa tarho gida. Labbo a lokacin saurayi ne siriri mai hawa turakun waya kamar ƙadangare. Marigayi maigidana ya nuna masa teburi a falonsa, an ma shimfiɗa masa zanen saƙa, ya ce a nan za a aje. Labbo ya dubi teburin ya ce, "Ranka shi daɗe, wa za a riƙa kira ga tarhon ga?"

"Wane irin wa? Ni mana."

"Ba ku da kowa nesa?"

Muna da shi. Ɗanmu na fari yana jami'a a Zariya, kuma duk gidan an san ba muryar ubansa yake kewa ba. Maigidana ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, ka zo aiki ko ka zo bincike?" Amma ya bari. Labbo ya ƙara jan igiya ta bi gefen katanga har ɗakina, ya sa kan tarho na biyu kusa da gadona. Shekara huɗu, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wannan kan yana ƙara. Yau babu maigidan, babu tarhon, turakun ma an cire wasu an yi rumfa da su. Ƙusoshin Labbo ne kawai suke nan a jere jikin katangata, kuma na hana mai fenti ya taɓa su.

Da wayar hannu ta zo, tarhon gida ya mutu, abokan aikinsa suka watse. Wani ya koma acaɓa, wani ya koma gona. Labbo ya je ya durƙusa gaban waɗanda ya girme wa ya koyi haɗa intanet. Kayan aiki sun sauya, tambayarsa ba ta sauya ba. A gidajenmu akwatin intanet, wanda suke kira rauta, a falon maigida ake aje shi, sau da yawa cikin kabad mai gilashi tare da kofunan baƙi. Maza su samu, matan da ke can ciki kuwa sai su tsaya a bakin ƙofar tsakiya suna ɗaga waya sama kamar masu roƙon ruwa. Labbo ba ya buɗe jakarsa sai ya san ɗakin wanda yake da mutum a nesa. Malaman asibitin haihuwa a Kekun Waje sun ba ni labarinsa, wani mai sayar da hatsi a Kucheri ya ba ni. Amma ni abin da idona ya gani zan faɗa.

Shekara biyu ke nan da rasuwar Alhaji Haliru na Tsafe, mai motocin ɗaukar hatsi. Matarsa Rabi ƙawata ce tun muna 'yan mata a makarantar horon malamai, gado ɗaya sama da ƙasa. 'Yarsu ɗaya tak a duniya, Mansura, malamar jinya ce, aure ya kai ta Fatakwal. Ranar da uban ya rasu tana da cikin wata takwas, likita ya hana ta doguwar tafiya. Ba ta ga gawarsa ba, ba ta zo gaisuwa ba. Mako uku bayan haka ta haifi namiji.

Rabi kuwa ta shiga takaba a ɗakinta na can ƙuryar gida. Tsohon gini ne, katangun ƙasa masu kauri da aka shafe da siminti, uku tsakaninta da falo. Waya ba ta kamawa a ɗakin ko ɗigo. Falo da zaure kuwa cike suke da maza masu gaisuwa tun safe. Sai dai in ɗauki wayarta in je bakin ƙofar tsakiya in tsaya har saƙon muryar Mansura ya sauko, in kawo mata ta saurara, ta yi magana, in sake komawa in tura. Uwa ta yi tambaya da safe, amsa ta zo bayan azahar. Ta saurari saƙo ɗaya sau goma. Da aka turo hoton jaririn ta dube shi ta kife wayar ta ce, "Hoto ba ya motsi. Ta yaya zan san shina da rai? Ta yaya zan san ita ma lafiya take, ba ɓoye mani akai ba?"

Daga nan ta daina cin abinci. Ba rigima, ba kuka. A kawo tuwo ta ce an gode, a zo a ɗauke shi yadda aka kawo. Mace mai ciwon suga. Ina kallon zoben hannunta, wanda ta cire ta ba ni ajiya, ina tuna cewa a baya da ƙyar yake fita, yanzu kuwa yatsun sun zama kamar tsinke. Na san idan ba ta ga fuskar 'yarta tana motsi ba, takabar nan ba za ta kai ƙarshenta ba.

Ragamar gidan tana hannun ƙanen marigayi, Alhaji Jibo. Ba mugu ba ne, yana son matar wansa, har ya aika Gusau aka sayo masa sabon rauta mai ƙaho huɗu, domin mai shago ya ce masa babba ya fi ratsa katanga. An kunna shi kusa da tsohon, bai ratsa komai ba, sai ma wayoyin falon suka rikice, aka mayar da shi kwali. Da na ce a nemo hanyar da Rabi za ta yi kiran bidiyo, sai ya gyara zama.

"Malama, mai takaba fa ba ta fita."

"Wa ya ce ta fita? Tana kan tabarmarta."

"To in fuskarta ta kai Fatakwal, ai ta fita. Kuma gilashin wayar ga, mi ya raba shi da madubi?"

Na ce, "Alhaji, shekarata saba'in da ɗaya, na yi tawa takabar, na karanta abin da ya sawwaƙa. An hana mu ado, an hana mu kwana a wani gida. Inda anka hana uwa ganin ɗiyarta, nuna mani shafin."

Ya aika aka tambayo liman. Liman ya ce ba laifi, ya ƙara da cewa a gaishe da tsohuwar da ta yi tambayar. Jibo ya sauko, amma ya kafe a kan abu ɗaya: babu namijin da zai wuce ƙofar tsakiya har a fita takaba, ko mai gyara ne, ko wane ne.

A ranar na kira Labbo. Ya ce gobe yana tafe. Goben kuwa ita ce ranar suna.

Mun san yadda hanyar Tsafe take a shekarun nan. Ba a fita da duku-duku, ba a kuma yarda yamma ta yi wa mutum a kanta. Labbo ya iso da hantsi, ƙura har gira, ya yi wa maza gaisuwa, ya sha ruwa. Jibo ya gaya masa sharaɗi. Ni na riga na ɗaura ɗamarar faɗa, sai Labbo ya ce mini a hankali, "Malama, bari. Gidan mutane ne, kuma makoki sukai." Ya juya ga Jibo. "Alhaji, akwai lungu ta bayan ɗakin?"

"Akwai."

"Ɗakin yana da taga?"

"'Yar ƙarama, can sama."

"Ta isa."

Jibo ya ce shi a ganinsa a ɗauke rautan kawai a kai mata ɗaki, ai magana ta ƙare. Labbo ya tsuguna a ƙofar zaure ya ɗauki tsinke ya zana gidan a ƙasa.

"Wanga akwati na falo, kunnensa yana ga eriyar kamfani da ke kan tudu. Nan kaɗai yake jin ta. In kun kai shi ƙurya ya kurumce, ku ku rasa, ita ta rasa. Shi zai zauna inda yake, shi ne mai karɓo saƙo, shi ne mai ba kowace waya lambarta. Abin da Hajiya take buƙata ɗan aike ne a ɗakinta, wanda zai maimaita mata abin da wannan ya ji. Mu akses foyin muke ce mashi. Igiya ce za ta haɗa su, don igiya ba ruwanta da kaurin katanga."

"To sai an sake sayo wani?"

"Ina mai ƙaho huɗun da anka ce kun mayar kwali?"

Aka kawo. Ya haɗa shi da wayarsa yana danne-danne, ya ce, "Ba lalacewa ya yi ba. Kun kunna su biyu, kowane yana raba lamba, kowane yana cewa shi ne maigida, wayoyi sunka rasa wa za su bi. Yanzu na sauke shi daga mulki. Aikinsa isar da saƙo kawai."

Wani dattijo cikin masu gaisuwa ya ce, "Da haka ake sauke mutane cikin sauƙi, da ƙasar ga ta zauna lafiya." Aka yi dariya, karo na farko da na ji dariya a gidan tun rasuwa.

Labbo ya sa na auna masa nisa da taku daga ƙofar tsakiya zuwa ɗakin Rabi, na dawo na ce hamsin da takwas. Ya ce, "Takun malamar lissafi, ba sai na sake ba." Ya fitar da igiyar ta tagar falo, ya ari tsani, ya bi bayan katanga ta waje yana buga ƙusa, taku biyu ƙusa ɗaya, rana tana dukansa. Mutum mai shekara hamsin da wani abu. Ni kuma na ɗauki akwatin na shiga ciki, na haɗa shi da batirin solar da ke kunna fitilar ɗakin yadda ya kwatanta mini, na jawo kujera na taka na kai fuskata tagar. Rabi tana kwance ta juya wa duniya baya.

Saura abu ɗaya. Cikin igiyar akwai silli takwas sirara, kowane da launinsa, kuma sai an jera su bi da bi a datse cikin ɗan bakin roba kafin a soka. Labbo yana kan tsani a lungu, ya jera, ya datse, ya miƙo mini ta taga. Na soka. Fitilar da ya ce za ta kama ba ta kama ba. Ya karɓa ya yanke bakin ya sake. Ba ta kama ba. Aka kira azahar. Mansura ta riga ta aiko cewa da an yi salla mata za su cika mata gida, ba za ta samu sukuni ba, shi kuma dole ya bar Tsafe kafin la'asar.

Na ji shiru ya yi yawa a waje. Na leƙa. Yana riƙe da sillayen dab da hancinsa, yana juya su a rana.

Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Malama. Wane ne kore a nan, wane ne shuɗi?"

Na dube shi. Ya ce, "Tun bara suke haɗe mani. Bakin igiyar na falon na yi shi tun gida, ɗiyata ta duba mani. Ban gaya ma kowa ba."

Malam Labbo, a wannan lokacin kana da hanyoyi da yawa. Kana iya cewa akwatin ne ya lalace, ba wanda zai musa. Kana iya cewa sai wani mako, ka koma gida da mutuncin sana'arka cif. Kai ne ka zaɓi ka tona wa kanka asiri gaban tsohuwa mai kaifin baki, a kan tsani, a lungun mutane, domin wata mata da ba ka taɓa gani ba ta ga ɗiyarta. Na ga masu digiri da yawa a rayuwata. Waɗanda na ji sun ce "ban gani ba, nuna mini" ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Na gyara tabarau. Ya miƙo sillayen ta taga, yana faɗin jerin da ka kamar mai tilawa: fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Yana faɗa ina zaɓowa ina sa masa tsakanin yatsu. Ya datse. Na soka. Fitilar ta yi ƙyafta biyu ta tsaya.

Na sauko na zauna gefen Rabi na danna kiran. Sau ɗaya ya yi ƙara.

Mansura tana can da ɗankwali a karkace, fuska a kumbure, bakinta yana motsi ba abin da ke fita. Rabi ta tashi zaune da kanta, abin da ta kwana uku ba ta yi ba, ta riƙe wayar da hannu biyu. Can ta ce, "Kin yi baƙi."

"Inna, ke kin ga yadda kika koma kuwa?"

"Bar zancena. Ɗago shi in gani. Ba haka ba, juyo shi gefe. Cire mashi hular."

Yaron ya yamutsa fuska ya tsala kuka. Rabi ta kai wayar kusa da idonta ta daɗe, sannan ta ce, "La ilaha illallahu. Kunnuwan Haliru. Duk abin da mutumin ga ya tara, kunnuwan ya bar ma yaro." Ta yi dariya, dariyar ta karye ta zama kukan da ta riƙe tun ranar jana'iza. Mansura tana yi, jariri yana yi, ni ma ban ba da kunya ba. Sunan kakansa aka sa masa. Da suka lafa, Mansura ta ce ba za ta kashe wayar ba sai ta ga uwarta ta ci abinci a gabanta. Aka kawo fura ba suga. Ta sha rabin kofi, 'yar tana ƙirga mata kurɓa kamar yadda take yi wa marasa lafiyarta.

Da na tuna da Labbo na sake taka kujera. Ya riga ya mayar da tsani, yana ɗaure jaka. Na ce ya tsaya a yi masa godiya. Ya ce, "Na ji ta tagar, Malama. Ta ishe ni." Jibo ya bi shi har bakin titi yana ta sa albarka, sannan ya dawo ya tsaya a ƙofar tsakiya yana gyaran murya, ya ce ko za a ɗan miƙo wayar shi ma ya ga kunnuwan.

Labbo ya ci gaba da aiki bayan wannan, 'yarsa tana jera masa sillaye a gida kafin ya fito, har idon ya kai inda ba ya yarda da shi a kan babur. Sai da na nemi izninsa kafin in rubuta zancen idon. Ya ce in rubuta, wataƙila wani mai sana'ar ya je asibiti da wuri, kada ya yi irin jinkirinsa.

Ana cewa waɗannan na'urori sun kashe kewa, nesa ta zo kusa. Ban yarda ba. Rabi ta fita takaba lafiya, ta yi ƙiba har tana ƙorafi, amma har yau ba ta taɓa jikan nan da hannunta ba. Sau biyu ana shirya tafiya tana rushewa, sau ɗaya hanya, sau ɗaya jikinta. Ba ta san ƙanshin kansa ba, ba ta san nauyinsa a baya ba. Kullum bayan la'asar tana zaune a ƙuryar nan tana kallonsa yana girma cikin tafin hannunta, in an kashe ta daɗe tana duban gilashin. Kewar tana nan. Abin da Labbo ya yi shi ne ya mayar da ita irin wadda mutum zai iya ɗauka ya ci abinci.

Na gode, Labbo na Furfuri, mai bin bayan katanga. Na gode a madadin matan ƙurya na Gusau da Tsafe da Bunguɗu, waɗanda yawancinsu ba su san sunanka ba. Allah ya ba idonka lafiya, ya sa ka ga naka jikokin da kyau. Ku kuma masu wannan sana'a a yau, na san kun fi shi sauri, kun fi shi sanin sababbin kaya. In kun shiga gida, kada ku tsaya inda aka nuna muku teburi. Ku tambayi wanda yake can ciki, ku ja igiya ta kai gare shi, kuma ranar da abu ya shige muku duhu ku faɗa.

Jiya Rabi ta kira ni, murya tana rawa, har na tsorata. Ashe yaron ne ya dafa gilashin wayar da tafinsa, ya dube ta, ya kira ta Inna, ba wanda ya sa shi. Ta ce, "Mutumin nan na taga, ban san fuskarsa ba, muryarsa kaɗai na sani. In kin je Furfuri ki gaya mashi yaron ya gane ni."

Malam Labbo, ga saƙonka. Ranar Asabar ina tafe in karanta maka shi da bakina.